Wanda ke zaune a waje, yana da bakin magana a siyasar gida?

Tela, Jidda:
Jiya bayan Isha'i muna shan shayi a ƙofar shago, hira ta gangaro kan tsadar man fetur a gida. Wani dattijo da ya zo Umara ya katse mu, ya ce ku da kuka bar ƙasa ku bar wa masu shan wahalarta maganarta. Ni dai na ba shi gaskiya. Shekarata tara a nan. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ban shiga layin gidan mai ko sau ɗaya ba. Da wane baki zan tuhumi mutumin unguwar Kurna a Kano kan wanda ya zaɓa?

Ma'aikaciyar jinya, Manchesta:
Yaya, ban yarda ba sam. Kuɗin makarantar ƙannena uku da maganin ciwon sukarin Mama duk daga albashina suke fita. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Mutane suka ce mu kakarmu ta yanke saƙa. Ina ribar, alhali buhun shinkafa ya fi ninki biyu, kuma masu kirana sun ƙaru? Ƙiyasin Bankin Duniya ya nuna 'yan Najeriya na aika kusan dala biliyan 20 gida duk shekara. Ana karɓar kuɗinmu, ana ƙin muryarmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a zaɓen Birtaniya na 4 ga Yulin 2024 na jefa ƙuri'a, domin doka ta ba 'yan ƙasashen Kwamanwel mazauna nan dama. Ƙasar da aka binne cibiyata kuwa ba ni da wannan damar sai na sayi tikitin jirgi. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba mazauna waje damar zaɓe.

Ɗalibi ɗan Damagaram, Liyon:
Hajiya, mu a Nijar an gwada. An lissafa mazauna waje a matsayin jaha ta tara, aka ware musu kujeru 5 a majalisar dokoki, kuma sun zaɓi wakilansu a 2016. A 2020 ba a yi musu rajista ba saboda korona, kujerun suka zauna babu kowa har zuwa watan Yunin 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 majalisar ma aka rushe. Amma ina jin abin da Malam tela yake nufi. A nan akwai abokan da suka daina gaisawa saboda sojoji da Bazoum, alhali dukkansu babu wanda ya kwana a duhu lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta.

Tela, Jidda:
Ƙanena, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kuma bari in faɗa muku wani abu da ban faɗa ba da farko. Mu a nan siyasar masu gida ba a taɓa ta, ko a raha. Iƙamarka, wato takardar izinin zama, tana hannun kafilinka da ya tsaya maka, kalma ɗaya a waya tana iya mai da kai filin jirgi. Shi ya sa duk zafin da muka haɗiye sai mu sauke shi kan siyasar Kano, ana Kwankwasiyya da Gandujiyya har ƙarfe biyun dare. Ina tsoron rabin ihun namu kewar gida ce kawai.

Ma'aikaciyar jinya, Manchesta:
To ko da kewar ce, Yaya, laifi ce? Na yarda da abu ɗaya: kada wanda ke waje ya zuga matasa su fita titi alhali nasa 'ya'yan suna kwance lafiya. Wannan na ga ana yi lokacin zanga-zangar Agustan 2024, kuma ya ɓata mini rai ƙwarai. Amma tambayar inda kuɗin asibitin garinmu ya shiga, ba zan daina ba.

Tela, Jidda:
Dattijon yana nan har ranar Juma'a. Zan karanta masa abin da kika rubuta, in kawo muku amsarsa.