Me ya sa ake bikin Pride a tsakiyar zafi?

Basakkwace a Madrid:
Jama'a, ina da tambaya. Ni haifaffen Sakkwato ne, saboda haka na ɗauka babu ranar da za ta ba ni tsoro a Turai, sai da na fito sayen burodi a farkon watan Yuli na tarar an rufe hanya saboda jerin gwanon Pride, wato bikin shekara-shekara na 'yan LGBT (masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi). Zafi ya kusa digiri 40, kwalta tana amayar da wutar da ta sha tun safe, amma ga wani bawan Allah sanye da fukafukai da takalmi mai tsini, kwalliyar fuskarsa tana narkewa kamar man shanu a kasko. Wa ya zaɓa musu wannan lokaci, kuma me ya hana su jira sanyi?

Malam Na-Bronx:
Ƙanena, ba zaɓa suka yi ba, tarihi ne ya ɗaure su. A ranar 28 ga Yuni, 1969, 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall Inn, matattarar 'yan LGBT da ke unguwar Greenwich Village a New York, mutanen ciki suka ƙi watsewa, aka shafe kwanaki ana tarzoma. Da shekara ta zagayo aka yi tattakin farko domin tunawa da ranar, daga nan biranen duniya suka ɗauka. Da 'yan sandan nan sun yi haƙuri zuwa Oktoba, da yau babu mai yawo da gorar ruwa a wuya.

Uwar Biyu:
Malam, ai wasu sun sauya lokaci. Nan Atlanta a watan Oktoba ake yi, haka ma Phoenix, inda ranar Yuli take iya soya ƙwai a kan mota. Mutanen Sydney ta ƙasar Ostareliya ne suka fi ba ni dariya, domin nasu ya fara ne a Yunin 1978, lokacin hunturunsu, amma a 1981 suka ɗauke shi da hannunsu suka kai shi tsakiyar zafi, tunda irin kayan da ake sawa a wurin ba su jure iska mai sanyi.

Ɗan Zinder:
Yaya Basakkwace, ai ba ka ga komai ba. A unguwar Chueca ta Madrid, kan titin Pelayo, har tseren gudu maza suke yi da takalmi mai tsini a cikin makon bikin. Abin da na lura kuwa, wanda ya fi kowa cin riba shi ne mai sayar da mafici da ruwan sanyi, wanda ba ruwansa da launin tutar da ka riƙe.

Basakkwace a Madrid:
Na gode, Malam, na fahimta. Maficin kuwa na saya, kuma daga wurin mai fukafukan nan na koyi yadda ake buɗe shi da hannu ɗaya.