Neman kalma: playability da retro, don shirin tsofaffin wasannin kwamfuta

Mai Shirin Fasaha:
Assalamu alaikum malamaina. Ina da shirin da zan naɗa ranar Alhamis da safe, a saka shi Asabar, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Shirin kan wasannin kwamfutocin gida ne da yaran Ingila suka taso da su a shekarun 1980, irin su ZX Spectrum da Commodore 64. Tambayar da shirin yake yi ita ce: hotonsu ya tsufa, sautinsu ya tsufa, to wanne ne har yau mutum zai zauna a kansa ya kasa tashi? Wannan halin shi Turawa suke ce wa playability. Ta biyun retro ce. Na rubuta "ingancin wasa" da "tsofaffin wasanni" na wucin gadi, amma ko ɗaya bai kwanta mini ba. A taimaka.

Tafinta:
Wa alaikumus salam. Retro mai sauƙi ce: wasannin da, ko wasannin dauri. Kada dai ki ce tsohon yayi, akwai raini a ciki, alhali masu retro so suke yi, ba ƙyama ba. Ingancin wasa kuma ya yi faɗi, ya haɗa har da hoto da sauti, waɗanda su ne kike son cirewa. A nahawu amsar a fili take, aji na bakwai na aikatau: gyaru, gyaruwa, ɗinku, ɗinkuwa. Sai dai idan aka bi ta kan buga, za a faɗa kan buguwa, kuma ba mai faɗin wannan a rediyo yana nufin wasa.

Mai Gidan Gem:
Anti, mu nan shago abin da yara suke cewa shi ne "gem ɗin nan yana da daɗin bugawa". Idan kuma ka danna bai amsa da wuri ba, sai su ce "ba ya jin hannu". Ban taɓa jin wani ya nemi wata kalma bayan waɗannan ba.

Tsohon Injiniya:
'Yata, kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ina karatu a Ingila lokacin da Spectrum take tashe. Kamfanin Sinclair ya fito da ita a 1982, mai ƙwaƙwalwa 16K fam 125, mai 48K fam 175. 'Yar baƙar aba ce mai madannan roba, ka jona ta da talabijin, ka jona ta da rakoda. Wasan a kaset yake, irin kaset ɗin da muke jin wa'azi da shi. Ka rubuta LOAD, ka danna rakoda, ka zauna kusan minti biyar kana jin ƙara kamar ta gyare, gefen allo yana ta zane-zanen shuɗi da rawaya. In kan rakodar ya ɗan karkace, sai ta ce an sami kuskure, ka mayar da kaset baya ka sake.
Kafin ku zaɓi kalma, ku san abin da ake nufi. Ɗauki Manic Miner na 1983, wanda Matthew Smith ya rubuta yana matashi. Koguna 20 ne, abin da kake da shi uku kawai: hagu, dama, tsalle. Iskar numfashinka tana raguwa a ƙasan allo, wata ƙasar tana zaizayewa in ka tsaya a kanta, kuma in ka yi tsalle ba ka da ikon sauya hanya a sama, inda ka nufa nan za ka sauka. Wasan yana da wuya ƙwarai. Amma duk sanda ka mutu, ka san kai ne ka yi gaggawa ko ka makara, ba na'urar ce ta cuce ka ba. Shi ya sa kake cewa bari in ƙara sau ɗaya, har dare ya raba. Na buga shi kwanan nan a waya ta manhajar da take kwaikwayon Spectrum, wallahi yana nan yadda na bar shi.
To kwatanta shi da Jet Set Willy na 1984, mutum ɗaya ne ya yi su. Ya fi girma, ɗakuna 60, ka zaga gidan yadda kake so. Amma in ka faɗo ta mummunan wuri, sai ya riƙa mayar da kai daidai inda za ka sake mutuwa har rayukanka su ƙare kana kallo. Kuma yadda aka fara sayar da shi ba ya ma kammaluwa saboda kurakuran da ke ciki, sai da kamfanin da ya sayar da shi ya fitar da gyara. Na farkon yana da abin da kike nema, na biyun ya gaza a kansa duk da ya fi shi girma da ban sha'awa. Kalmar da za ku ba ta dole ta iya raba waɗannan biyun.

Malamin Nahawu:
Madalla da bayanin Injiniya. Ni kuwa ina da kalma, kuma na daɗe ina amfani da ita a aji: wasantuwa. Daga wasa a sami aikatau wasanta, kamar yadda inganci ya ba mu inganta. Daga nan wasantu, sannan wasantuwa, kamar ingantu da ingantuwa. Manic Miner yana wasantuwa, Jet Set Willy ba ya wasantuwa sosai. Kalma ɗaya, gini na Hausa tsantsa, ba aro. "Daɗin bugawa" ba kalma ba ce, bayani ne, kuma harshen da kullum yake bayani maimakon suna ba zai taɓa koyar da kimiyya ba.

Tafinta:
Allah gafarta Malam, ginin ba laifi, amma tushen ne ba ya nan. Wa yake cewa "na wasanta"? A rubuce ma wasanta wasan mace ne, kamar rigarta da littafinta. Ka gina hawa biyu a kan kalmar da ba kowa ya taɓa ji ba, ita kuwa baiwar Allah minti goma sha biyar gare ta a iska.

Malamin Nahawu:
Kowace kalma akwai ranar da aka fara jin ta. Manhaja da ake ce wa software yanzu, da can tsarin karatu kawai take nufi, gidajen rediyo ne suka yi ta nanata ta har ta zauna. In 'yan jarida ba su ɗauki sabuwar kalma ba, wa zai ɗauka? Kuma tunda ana maganar, ban ji daɗin ganin "gem" da "kwamfuta" suna yawo a zauren da aka buɗe don Hausa ba. Muna da wasa, muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Mai Gidan Gem:
Ranka ya daɗe, da girmamawa, na'ura ai Larabci ce. Me ya sa aron Larabci ya zama Hausa, na Turanci ya zama laifi? Ni abin da na sani, yaro ya shigo ya ce zai buga gem, ban taɓa jin ya ce zai yi wasan na'ura mai ƙwaƙwalwa ba. Ku malamai kuna ƙera kalma a jami'a, mu da muke cikin abin ba a tambayarmu.

Malamin Nahawu:
Ɗana, aron da ya shekara ɗaruruwa ya narke daban, wanda aka jefo jiya don kasala daban. Kuma ba a ɗaukar ma'aunin harshe daga bakin yaran gidan gem.

Ɗan Damagaram:
To ni nan zan shigo, don wannan magana ta ku ƴan Nijeriya ce kuke yi kamar ku kaɗai ke da harshen. Mu nan ba mu cewa gem, Faransanci ne ya shigo mana, yaranmu da kalmar Faransanci suke kiran abin. In Malama ta ce gem, mai saurare a Damagaram ko Maraɗi sai ya yi tunani. In ta ce wasa, kowa ya gane, daga Agadas har Kumasi. Saboda haka a kan gem ina bayan Malam. Amma wasantuwa ban karɓa ba. Kullum haka ake mana, a zauna a Kano ko Zariya a yanke, sannan a ce mana ita ce daidaitacciya. Daɗin bugawa ko tsohuwata ta gane shi.

Malamin Nahawu:
Ba Kano ce ta yanke ba, ƙa'idar harshe ce, kuma ƙa'idar ɗaya ce a Damagaram da Kano. Ku ma kuna cewa gyaruwa.

Ɗan Damagaram:
Muna cewa gyaruwa don muna cewa gyara. Ba mu cewa wasanta.

Mai Shirin Fasaha:
Don Allah malamaina a dawo kaina, Alhamis tana matsowa. Na bar gem, zan ce wasa, wannan ya wuce. Baba Injiniya, tambaya gare ka: Prince of Persia fa? Shi ne kaɗai a jerin da na san masu saurarena da yawa sun taɓa, don yana cikin tsofaffin kwamfutocin ofis da na wuraren koyon kwamfuta a nan. A wane ɓangare zan sa shi?

Tsohon Injiniya:
Kin kawo misalin da zai nuna cewa abu biyu muke ta cusawa cikin kalma ɗaya. Jordan Mechner ya fitar da shi a 1989 a kan kwamfutar Apple II, na kwamfutoci masu tsarin DOS da kuka sani ya biyo baya a 1990. Ya ɗauki hoton ƙaninsa yana gudu da tsalle, ya bi shi yana zanawa, shi ya sa motsin yariman ya zama kamar na mutum. Amma wannan kyan yana da farashi. In ka danna, ba nan take yake amsawa ba, sai ya ƙarasa takun da ya fara. Wanda bai saba ba zai danna tsalle a bakin rami, ya ga yarima ya wuce ya faɗa kan ƙusoshi. Ta fuskar amsa hannu, Manic Miner ya fi shi. Duk da haka ba ka iya barinsa, saboda minti 60 aka ba ka ka gama, agogo yana ci, kowace ƙofa kana son ganin bayanta.
Mujallun wasanni na Ingila na lokacin ma sun raba su. Crash, ta masu Spectrum, tana ba da maki daban na playability, daban na yadda wasa yake kama mutum. Zzap!64, ta masu Commodore, tana auna yadda yake kama ka da farko, da kuma yadda yake daɗewa bai gundure ka ba. Elite na 1984, na David Braben da Ian Bell a kan kwamfutar BBC Micro, misali ne: shigar da jirginka na sararin samaniya cikin tashar da take juyawa sai ka yi ta karo kafin ka iya, amma taurari 256 ne a kowane ɗaya daga cikin sammai takwas, mutane sun yi watanni a kansa. Abu na farko, amsa hannu, kamar doki ne da linzami, ka ja ya tsaya, ka saki ya tafi. Na biyu kuwa, yadda wasa yake kama mutum, shi ne abin da yake hana ka sauka.

Tafinta:
To ga shi Baba ya warware. Na farko sarrafuwa, daga sarrafa, aikatau ne da kowa ya sani, kuma aji na bakwai ne yadda Malam yake so. Ko jin hannu, yadda yaran shago suke faɗa. Na biyu armashi. Idan ana son a haɗa su a dunƙule, daɗin bugawa. Prince of Persia: sarrafuwarsa da ɗan nauyi, armashinsa ba a magana.

Malamin Nahawu:
Sarrafuwa kalma ce mai kyau, ba zan musa ba. Amma kun ga abin da nake faɗa: Bature yana da kalma ɗaya, ku kun kawo uku. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawa wacce zai sa?

Tafinta:
Baturen ma uku ko huɗu yake da su, Malam, yanzu Baba ya lissafo su daga mujallunsu.

Mai Gidan Gem:
Ni dai jin hannu ya fi mini sarrafuwa. Sarrafuwa kamar ana maganar injin niƙa.

Ɗan Damagaram:
Kun manta da retro. Dauri ya yi nisa da yawa, in aka ce zamanin dauri ni kakannin kakanni nake gani, ba 1982 ba. Wasannin da ya isa. Sunan filin kuwa, Malama, ki sa masa Tsohuwar Zuma. Duk Bahaushe zai ƙarasa karin maganar da kansa, kuma ya ɗauko abin da retro take nufi, wato tsohon abu da ake komawa gare shi don yana da amfani.

Tsohon Injiniya:
Wannan ya yi. Sai dai ki faɗa musu gaskiya, ba duka ne zuma ba. Da yawa daga wasannin lokacin ba sa buguwa ko na minti biyar yau, kewa ce kawai take sa tsofaffi irina yabonsu. Kuma ki bambance musu kwamfutar gida da na'urar wasa mai kaset ɗin sokawa da yaran nan suka sani. Ta gida tana da madannai, kana kunna ta za ka iya rubuta taka manhajar da harshen kwamfuta na BASIC, shi ya sa yara 'yan makaranta suka riƙa ƙera wasanni a ɗakunan kwanansu suna sayarwa.

Mai Shirin Fasaha:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan naɗa: filin Tsohuwar Zuma, kan wasannin kwamfuta na da. Playability zan ce daɗin bugawa, in na zo rarrabewa in ce jin hannu da armashi. Sarrafuwa zan ajiye ta don rubutun da za mu sa a shafin tashar. Malam, ka yi haƙuri, wasantuwa ba za ta shiga wannan makon ba, ba ni da lokacin da zan yi bayaninta.

Malamin Nahawu:
Shirinki ne, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Jin hannu maganar shago ce, amma aƙalla Hausa ce, kuma kin bar gem, wannan ma wani abu ne. Ni dai a ajina wasantuwa zan ci gaba da koyarwa. Kuma a lura, Injiniya da bakinsa ya ce "ba sa buguwa", wato harshen yana neman aji na bakwai a wannan gurbi ko kun ƙi ko kun so.

Tafinta:
Yana nema, Malam, amma a korewa kaɗai ya fito lafiya. Gwada cewa "wasan nan yana da buguwa" ka ji. Malama, manhajar da Baba ya ce tana kwaikwayon Spectrum, ki ce manhajar kwaikwayo kawai, kada a buɗe wata muhawarar kafin Alhamis.