Wane suna za mu ba manyan halittun da ake fita kallo a teku?

Duk lokacin da aka zo fassara labarin masu shiga jirgin ruwa don kallon whale da dolphin da shark, sai mu liƙa wa kowannensu kalmar kifi a gaba, alhali ɗaya ne kaɗai cikin ukun ya cancanci sunan. Shark kifi ne, a cikin ruwa yake numfashi, sai dai guringuntsi gare shi a madadin ƙashi. Sauran biyun kuwa haihuwa suke yi, su shayar da nono, kuma dole su taso su shaƙi iska ta kafar da ke saman kansu.

Wanda ke cikin jirgi ma yana iya bambancewa. Feshin numfashi ne ke fara tona asirin whale daga nesa, kuma jelarsa a shimfiɗe take, sama da ƙasa yake kaɗa ta, ta shark kuwa a tsaye take, dama da hagu take tafiya.

Wani ya kawo shawarar a ce wa whale giwan ruwa, amma wannan suna yana da mai shi tuntuni a bakin masunta, sunan ayu ma bai dace ba, don shi wata dabba ce daban mai cin ciyawa. Ni giwar teku na zaɓa, domin shuɗiyar da ke cikin danginsu takan kai kusan mita 30, babu dabbar da ta kai ta girma a duniya, kuma kalmar teku ta isa ta raba ta da kifin kogi.

Dolfin a bar shi haka, tunda bai yi wa harshe nauyi ba. Kurar teku da ake so a laƙaba wa shark ce ban amince da ita ba, saboda mafi girma a danginsa, wanda ya fi kowane kifi girma, ƙananan halittu yake tacewa daga ruwa, ba ya farautar kowa. A rubuta shak kawai.

Ita fitar kanta, wadda aka fara da jiragen haya a gaɓar Kalifoniya cikin shekarun 1950 kuma ake yi yau a Hermanus ta Afirka ta Kudu da Husavik ta Aisland, ina ganin yawon kallon namun teku ya dace da ita, bisa ƙirar namun daji, domin ya haɗa mai shayarwa da kifi ba tare da an kira wani da sunan wani ba.