Lungun gidanmu da maƙwabci ya mayar hanya: jama'a ku raba mu

Umaru Mabera: Salamu alaikum. Yau raina ɓace yake. Gidan da Baba ya bar muna nan Mabera cikin Sakkwato akwai ɗan lungu ta yamma, marigayi ya bar ma maƙwabcinmu na baya shina bi, don ƙofarshi ruwa na cika ta da damana. Taimako ne, ba saye ba kyauta. Yanzu na tara bulo zan ja katanga in fidda shago, sai mutumin ga ya kawo min mai unguwa wai hanyar jama'a ce. Bara ɗanshi ya kwashe muna kusurwar gini da Keke Napep, ban ce uffan ba. Ni da takardata a hannu, baƙo zai nuna min iyakar gidan ubana?

Hajiya Inno: Allah shi jiƙan Baba. Umaru ɗana, bi a hankali, maƙwabci ya fi ɗan'uwa na nesa.

Ɗan Gobir: Tsaya tukuna. Wane ne baƙo?

Umaru Mabera: Daga wajen Isa suka taso. Ni dai maganar lungu nika yi.

Ɗan Gobir: To mutumin Isa ya zama baƙo cikin jihar Sakkwato? Da fasfo ya shigo? Wannan ne halinku 'yan cikin gari. Ku ci gerommu, ku ci albasarmu, in mun aza bulo ɗaya kusa da ku mu koma baƙi.

Bello Ƙofar Rini: Baƙo ba zagi ba ne. Wanda ba a binne cibiyarshi a unguwa ba baƙo ne, ko daga Wamakko ya hito.

Ɗan Gobir: Mabera yaushe ta zama gari da har ta samu 'yan asali? Kakanninmu gonaki sunka sani nan. Garin ma gaba ɗaya Muhammadu Bello ya kafa shi 1809, Shehu kuma Ɗagel ya zamna kafin hijira zuwa Gudu. Kowa tasowa ya yi.

Bello Ƙofar Rini: Kada ka sa sunan Mujaddadi cikin rigimar lungu. Kul.

Ɗan Gobir: Tarihi na faɗi, ban zagi kowa ba.

Barista Nana: Don Allah mu koma kan tambayar. Malam Umaru, wace takarda ce a hannunka? Ta cinikin dillali da sa hannun shaidu, ko C of O, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, abin da kake da shi haƙƙin zama ne. Kafin ka aza bulo ka je ma'aikatar filaye a duba taswirar unguwar. Idan lungun yana cikin tsarin a matsayin hanya, ba naka ba ne ko Baba ya ɗauka nasa ne. Idan yana cikin ma'aunin filinka, sai a duba shekarun da aka yi ana bi da kuma ko yana da wata mafita.

Bello Dillali: Barista, mi ya kawo dillali ciki? Kullum ku lauyoyi ku raina takardarmu, alhali rabin gidajen Gagi da Arkilla da ita anka gina su.

Barista Nana: Shi ya sa kotuna suka cika.

Bello Dillali: Ku ke cin kuɗin cikar ai.

Malam Ɗahiru: A shari'a maganar tana da asali. Ya tabbata cikin Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ja ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, ya hana shi. Sayyidina Umar ya tilasta a bar ruwan ya wuce, tunda bai cutar da mai gonar. Akwai kuma hadisin da ya ce in an yi saɓani kan hanya a sa faɗinta kamu bakwai. Malikiyya suna da hauzi, wato wanda ya riƙe wuri shekara 10 mai shi na cikin gari, ya sani, bai yi magana ba, to da'awarshi ta faɗi. Amma abin da aka ba mutum aro ko izini bai shiga nan. Sai Umaru ya kawo shaidun da suka ji Baba ya ce aro ne.

Zainabu Runjin Sambo: Ni abin da ke ba ni haushi, mutanen Isa da Sabon Birni ɓarayin daji sun kore su daga gonakinsu, sun zo nan neman inda za su kwanta, mu kuma mu ce masu baƙi. Ina amfanin karatun da muke tinƙaho da shi?

Umaru Mabera: Yaya Zainabu, wannan ba ɗan gudun hijira ba ne. Tun ina firamare shina nan.

Ɗan Gobir: Kun ji da bakinshi! Tun shina firamare, amma har yau baƙo. Sai yaushe zai zama ɗan gari, sai ya shiga ƙasa?

Bello Ƙofar Rini: Ko shekara ɗari icce ya yi cikin ruwa bai zama kada.

Zainabu Runjin Sambo: Kai Bello, ba kakarka ce daga Argungu ba? Mu yi shiru dai.

Bello Ƙofar Rini: Lokacin nan Kabi na cikin Sakkwato, sai 1991 anka cire ta. Kuma ki bar iyaye waje.

Ɗan Gobir: Isa kuma har gobe tana ciki. Ka kashe kanka da bakinka.

Hajiya Inno: Yara ku ji tsoron Allah. Yaron ga tambaya ya yi.

Umaru Mabera: Barista, takardar gado ce ta kotu. In na bar mashi hanyar ƙafa na rufe ta Keke, ya yi?

Bello Dillali: Sayar mashi da lungun kowa ya huta. Ni zan shiga tsakani, la'ada kaɗan.

Admin Sani Kanwuri: To jama'a, na karanta duka kuma za mu rufe. Abin da ya hito fili, mafi yawanku kun yarda lungu na Umaru ne. Malam Ɗahiru ya nuna aro bai zama mallaka, Barista ma ta ce ya riƙe takardarshi. Kalmar baƙo kuwa Bello ya yi bayani mai gamsarwa cewa ba zagi ba ce, masu son maida ta ƙabilanci sun san kansu. Mu 'yan cikin gari an san mu da karɓar baƙi tun dauri, shi ya sa ake taka mu. Umaru ka ja katangarka. Wanda ya sake sa sunan Shehu cikin gardama zan cire shi.

Barista Nana: Admin, ban ce haka ba. Cewa na yi ya je a duba taswira kafin ya taɓa komai.

Admin Sani Kanwuri: An rufe, Barista.