Muhawara: 'Yar aikatau da yardar iyayenta, taimako ne ko safarar mutane?

Baba Alhaji, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da ja a kan maganar da ta yi yawa yanzu, wai duk wanda ya ɗauko yarinya daga ƙauye ta yi masa aikatau ya yi safarar mutane. Uwa ce ta miƙa 'yarta da hannunta, dillaliya an san gidanta, albashi ana biya duk wata, ana tara wa yarinya kayan ɗaki. A yankin Giwa da Birnin Gwari akwai gidajen da 'yan bindiga suka hana noma, tukunya ba ta hawa murhu sau biyu a rana. Yarinyar nan ta zo Zariya ta ci ta ƙoshi, ta kwana lafiya. Safara ita ce ta masu kai mata Libiya da Italiya. Wannan kuwa rufin asiri ne tsakanin mai shi da marar shi.

Barista, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Baba. Doka ba ta duba nisan tafiya. Daga Soba zuwa Hanwa ma ana yin safara. Yarjejeniyar Palermo ta shekarar 2000, ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan safarar mutane, wadda Najeriya ta sa wa hannu, abu uku take dubawa: an ɗauko mutum ko an yi jigilarsa ko an karɓe shi, an yi haka ta hanyar yaudara ko tilas ko amfani da rauninsa, kuma manufar ita ce a ci da guminsa. Idan wanda aka ɗauko bai kai shekara 18 ba, sharaɗi na biyu ya faɗi. Ba sai an nuna yaudara ba, kuma yardar uwa ba ta wanke kowa.

A nan gida, dokar da ta kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a 2003, aka sabunta ta a 2015, ta ambaci aikin gida ƙarara. Wanda ya ɗauki yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida, ko ya kawo shi, ko ya ba da hayarsa, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ne. Dillaliya da uwar ɗaki duka sun shiga. Wadda ta haura 12 kuma, idan aikin yana cutar da lafiyarta ko girmanta, wannan ma laifi ne, hukuncinsa ya fi nauyi.

Baba Alhaji, Tudun Wada:
To Barista, kenan rabin gidajen ma'aikata a GRA da Samaru masu laifi ne. Dokar da ta mai da jama'a duka masu laifi, wa zai bi ta?

Malama mai aikin walwalar jama'a, Kongo:
Baba, ka ce an san gidan dillaliya. Gaskiya ne, amma tambayar ita ce ko uwar ta san gidan da 'yarta take kwana. Yawanci ba ta sani ba, kuma da gangan aka tsara haka. Ga yadda abin yake tafiya. Akwai mace a ƙauye mai nemo yara, ita ce take lallashin iyaye, wani lokaci ta ba su kafin alƙalami kafin yarinya ta fara aiki. Ita za ta sa yaran a mota zuwa Kwangila, babbar dillaliya ta karɓe su a gari ta rarraba. Wasu su tsaya Zariya, wasu a wuce da su Kaduna, Kano ko Abuja.

Albashi ba ya shiga hannun yarinya, ba ya zuwa hannun uwa kai tsaye. A ce an yi ciniki da uwar ɗaki a kan 15,000 a wata. Dillaliya za ta riƙe na watan farko a matsayin kuɗin mota da la'ada, daga nan ta riƙa cire kasonta duk wata, ta gaya wa uwa cewa 8,000 ake biya. Sauran ma sai ta ce tana zuba mata adashi, za a kwasa idan aure ya tashi. Ba rasit, ba shaida. Kuma tunda kuɗin watan farko nata ne, ribarta tana cikin sauya wa yarinya gida. Shi ya sa za ka ga bayan wata uku ta zo ta ce kakar yarinya ba lafiya, ta ɗauke ta, ashe wani gida ta kai ta. Idan uwa ta nemi 'yarta kafin lokaci, sai a tuna mata bashin kafin alƙalami. Wannan bashin shi ne igiyar.

Allah gafarta Malam, Ƙofar Doka:
Ina ganin an haɗa abu biyu. Riƙo daban, kuma alheri ne da muka gada: ka ɗauki 'yar ɗan'uwanka ko marainiya, ta ci abin da 'ya'yanka suke ci, ta je makarantar da suke zuwa, ta yi aikin gida daidai da nasu. A nan ina tare da Alhaji, kada a tsorata mutane su daina. Amma aikatau ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ita kuma ijara tana da sharuɗɗa a fiƙihu: a san aikin, a san lokacinsa, a san ladan. Aikin da ba shi da farko ba shi da ƙarshe, daga asuba har sai mai gida ya gama cin abincin dare, wannan ƙulla yarjejeniya ne a kan abin da ba a san iyakarsa ba. Sannan ladan na yarinyar ne. Waliyyi ba ya juya dukiyar yaro sai ta hanyar da za ta amfani yaron. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ladan da ya shekara biyu a hannun dillaliya fa?

Anti Nas, Shika:
Baba ya ce ta ci ta ƙoshi. Wasu haka ne. Amma abin da yake kai su asibiti kusan iri ɗaya ne: ƙuna daga tafasasshen ruwa ko man suya, saboda an sa 'yar shekara 10 sauke tukunyar da ta fi ƙarfinta daga kan gas ɗin da ba ta taɓa gani ba a garinsu, tafin hannu da tsakanin yatsu duk sun tsage saboda omo da bilic ba safar hannu, zazzaɓin da aka bari kwana da kwanaki ana ba ta farasitamol. Ba a kawo su da wuri. Idan an kawo, wadda ta rako ta ce take amsa kowace tambaya, yarinya ta sunkuyar da kai. Ka tambayi shekarunta, ba wanda ya sani. Aka zo buƙatar sa hannun iyaye don tiyata, sai a fara neman lambar dillaliya. Mafi muni shi ne ciki. Ita take kwana a falo ko kicin, ba ƙofar da za ta kulle, a gidan da akwai samari da direba da mai gadi. Idan abu ya faru, a daren za a mai da ta ƙauye a ce ba ta da kamun kai.

Dakta, Samaru:
Ina so in tsaya a kan batun talauci, don a nan Baba yana da gaskiya fiye da yadda ake ba shi. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa, kusan kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa. Amma talauci ba ya tura kowa hanya ɗaya. Namiji ya tafi cirani ko almajiranci, yana kan titi, idan an zalunce shi yana iya guduwa. Mace kuma ana saka ta cikin gida a rufe, kuma nauyin kayan ɗakinta an ɗora mata tun tana ƙarama.

Su ma masu ƙetare iyaka da Baba ya ware, tsarin bai bambanta ba. Ejan zai biya wa bazawara fasfo da biza da tikiti zuwa Saudiyya, ta isa a ce sai ta yi wata kaza ba albashi kafin ta biya. Idan da bizar umara ta shiga, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba inda za ta kai ƙara. Idan da bizar aiki ce, zamanta yana hannun kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin shigarta, kuma sassaucin da Saudiyya ta yi wa ma'aikata a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Ta hanyar hamada zuwa arewacin Afirka kuma, a Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara 'yan Nijar, bayan motocinsu sun lalace. Nijar ta yi dokar hana fasa-ƙwaurin mutane a 2015, direbobin Agadas suka koma bin hanyoyin da ba rijiya don kauce wa jami'ai, kuɗin mota ya tashi, har gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023. Hani kaɗai bai tsai da tafiya ba, ɓoye ta ya yi.

Baba Alhaji, Tudun Wada:
Madalla, Dakta, ka faɗi abin da nake nufi. A kama dillalai yau, gobe za a riƙa cewa 'yar yayata ce. Yarinyar da aka hana aikatau kuma ba makaranta za ta koma ba, talla za a ɗora mata a tasha, ko a aurar da ita tana 13.

Barista, Sabon Gari:
Ba na musun haɗarin, Baba, amma ƙasa da 12 ba wurin sulhu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 a makaranta kyauta, Jihar Kaduna kuma tana da dokar kare yara tun 2018. Inda za a iya gyara shi ne manyan 'yan mata, masu 15 zuwa sama. Uwar ɗaki ta gana da iyaye ido da ido, su zo su ga gidan. A rubuta albashi da irin aikin a takarda gaban mai unguwa, kowa ya riƙe kwafi. Kuɗi ya tafi asusun da aka buɗe da sunan yarinya, dillaliya ta karɓi la'adarta sau ɗaya daga aljihun uwar ɗaki, shi ke nan. A ba ta ɗaki mai sakata, lokacin makaranta ko islamiyya, damar kiran gida duk mako ba tare da an tsaya mata a kai ba, da hutun zuwa gida. Wanda ya ce ba zai iya wannan ba, ba taimako yake nema ya yi ba, aikin arha yake so. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 shi ne 70,000, shi ya sa ake guje wa babbar mace a nemi yarinya.

Dakta, Samaru:
Nan zan saɓa da kai kaɗan. Takarda gaban mai unguwa tana iya zama lasisin da za a fake da shi, tunda yawancin yaran ba su da takardar haihuwa. 'Yar 11 za a rubuta mata 15.

Malama mai aikin walwalar jama'a, Kongo:
Haka ne, shi ya sa maƙwabta suka fi takarda amfani. Wanda ya ga yarinya ƙarama tana wanki lokacin makaranta kullum, ko da tabon duka, kada ya afka gidan da faɗa, don kafin gari ya waye za a ɓatar da ita. Kada kuma ya ɗauki hotonta ya sa a Facebook, wannan tozarci zai bi ta har gidan aure. Ya riƙe adireshin, ya lura da abin da ya gani da ranar da ya gani, ya kai wa sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ko ya kira NAPTIP a 627. Idan akwai rauni ko fyaɗe, asibiti ne farko, cikin awa 72, don a samu ba ta maganin kariya daga ƙanjamau kuma shaida ba ta ɓace ba.

Sai dai Baba, abin da ka faɗa game da komawa gida yana nan. Idan aka mai da yarinya ba a karɓo mata kuɗinta daga dillaliya ba, ba a warware bashin kafin alƙalami ba, ba a yi magana da dagaci da shugaban makarantar garin ba, kafin damina ta faɗi uwar za ta sake sa ta a mota, wannan karon zuwa garin da ya fi nisa.

Baba Alhaji, Tudun Wada:
To ku gaya mini wa zai sayi kayan ɗakin. Har yanzu ba wanda ya amsa wannan.