Ku ɗora mini baiti: waƙar Juma'ar Gicciye

Mai koyar da waƙa, Jos:
Salama, 'yan'uwa. Ina haɗa wa mawaƙanmu sabuwar waƙa a kan shan wuyar Yesu, na maƙale a baitin farko. Ku ɗora, kowane baiti ya ƙare da "ya".

A Getsamani ya durƙusa,
Dare ya raba yana addu'a,
Gumi kamar jini na ɗiga,
Su Bitrus na barci can baya.

Ɗan ƙungiyar matasa, Kaduna:
Baba, a gafarce ni, ni na ƙosa mu kai Lahadin Ista.

Me zai sa mu daɗe da kuka?
An mirgine dutsen kabari,
A buga ganga, mata su yi guɗa,
Mutuwa ta sha kaye, ta juya!

Uwar Zumuntar Mata, Mubi:
Ɗana, dakata. Daren Litinin na makon Ista, 14 ga Afrilu 2014, aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Ranar 20 ga wata iyayensu suka yi Ista ba su. Wasu har yau ba su dawo ba.

Kar ka tsallake Juma'a, ɗana,
Akwai uwar da ke Asabar har yau,
Ta gaji da roƙo, ba ta daina ba,
Ka bar mata baitin shan wuya.

Dattijo, Wusasa:
Gaskiyarki, Mama. Shi kansa Ubangiji farkon Zabura 22 ya ɗauko a kan gicciye.

"Allahna, don me ka yashe ni?"
Da ƙarfi ya faɗa, kowa ya ji,
In Ɗa ya tambayi Uba haka,
Kukanmu ba saɓo ba ne, gaskiya.

Ɗan ƙungiyar matasa, Kaduna:
Na ji, Mama. To ga nawa a kan Saminu, wanda aka sa ya ɗauki gicciyen Yesu, amma gangata tana nan sai Lahadi.

Saminu Bakurane na dawowa,
Aka tare shi, aka ɗora masa,
Ya Yesu, ba ni kafaɗa irin tasa,
In ɗauke wa Mama ko rabin kaya.

Mai koyar da waƙa, Jos:
Madalla. Ga abin da jama'a za su riƙa amsawa:

Uba, ka ɗauke ƙoƙon nan,
In ba haka ba, ka riƙe mu,
Ba nufinmu ba, naka za a yi,
Ya Mai sanye da kambin ƙaya.

Da tulu da kwarya kawai za mu rera ta, a hankali. Baitin gangarka, ɗana, shi zai buɗe sujadar asubar Lahadi. Mama, ki turo mana muryarki mu ji karin da ya dace.