Bindigar gado, lasisin farauta da sha'awar fistol: ina zan fara?

Sani, Aboabo:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar bindigar farauta mai baki ɗaya da yake amfani da ita a gonarsa ta wajen Ejura, kuma da aka raba gado ta faɗo a rabona. Takardarta tana nan da sunansa, amma an daɗe ba a sabunta ta ba. Ina so in ci gaba da fita daji da ita idan na je gona. Shin takardar Baba ta ishe ni? Sannan ina da sha'awar koyon harbin saiti da ƙaramar bindiga, wato fistol, don wasa kawai. Abokaina wasu na cewa Glock, wasu na cewa libarba. Wadda na saya za ta yi mini farauta ita ma? Ku taimaka, ba na son in taka doka cikin rashin sani.

Alhaji Mumuni, Asawase:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Ɗana, takardar nan ba ta ishe ka ba ko kaɗan. A Ghana lasisin bindiga na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya: sunansa, hotonsa, da lambar da ke jikin bindigar. Ƙarfen ka gada, izinin bai biyo shi ba. Ko da mahaifinka na raye, lasisin nan duk ranar 31 ga Disamba yake ƙarewa, sai an sabunta. Ke nan yau a idon hukuma bindiga ce marar takarda a ɗakinka, kuma sashe na 192 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya sa riƙe makami ba da izini ba cikin laifuka masu nauyi ƙwarai. Ba maganar tara ce kawai ba, ɗauri ne.

Ka je ofishin 'yan sanda, ka nemi masu kula da rajistar bindigogi a ɓangaren CID, wato sashen binciken laifuka. Zuwan farko kada ka ɗauki bindigar. Ka tafi da tsohon lasisin, da takardar rasuwa, da Ghana Card ɗinka, wato katin ɗan ƙasa, ka ce kana son a juya ta zuwa sunanka, su faɗa maka ranar da za ka kawo ta da yadda za ka ɗauko ta. Na nanata wannan ne saboda in aka tare ka da ita a hanya, a tasha ko a shinge, bayanin gado ba zai fitar da kai ba. Za su duba cewa ka kai shekara 18, kana da hankali, ba ka da tarihin laifi. Kowane kuɗi ka biya, ka karɓi rasit.

Malam Issaka maharbi, Sabon Zango:
Alhaji ya gama da ɓangaren 'yan sanda. Ni bari in ɗora da na daji, don nan ne yawancin mutanenmu ke tuntuɓe. Lasisin bindiga izinin riƙewa ne, ba izinin kashe nama ba. Na farauta daban yake, a ofishin Wildlife ake karɓa, wato sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji, kuma ana rubuta irin naman da aka yarje maka. In babu na bindiga a hannunka, kada ma ka wahalar da kanka zuwa neman na biyun.

Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara daji a rufe yake. Lokacin ne gada da mazo da sauransu ke da ciki ko suke shayarwa, in ka harbi uwa ɗaya ka kashe biyu ko uku. Gyazbi kawai aka ware, wanda Asantawa ke kira akrantie, saboda yawan haihuwarsa da ɓarnar da yake yi wa masara da rogo, shi ma sai da lasisi. Wanda ya saba shiga kasuwar Atwemonom ta Kumasi ya san yadda kasuwar naman daji ke sauyawa a waɗannan watanni. Akwai kuma waɗanda ba su da lokacin buɗewa sam: giwa, dorina, zaki, damisa, kada, ɗankunya. Ɗankunya na fi ji, domin baiwar Allah ce marar faɗa, in ta ga mutum sai ta dunƙule, yaro ma sai ya ɗauke ta, kuma masu neman ɓawonta sun kusa ƙarar da ita.

Ko daji a buɗe yake, ba a taɓa 'ya'ya, ba a taɓa uwa mai tafe da ɗanta. Farautar dare da fitilar goshi haramun ce a doka, duk da na san rabin masu bindiga a ƙauyuka haka suke yi. Cinna wa daji wuta a hunturu don nama ya fito shi ma laifi ne, akwai dokar gobarar daji ta 1990 a kansa, kuma gonar wani ce ke ƙonewa. Tunda wajen Ejura kake, sai ka san iyakar gandun Kogyae da kyau. Lasisinka ba ya aiki a ciki, haka Bomfobiri ta wajen Kumawu, haka Owabi nan kusa da mu a Kumasi. Gonar da ba taka ba kuma, ka gaida mai ita da sarkin garin kafin ka shiga. Ka yi bismilla lokacin harbi, in ka tarar da naman da sauran rai ka yanka.

Abdul Razak, Tafo:
Yaya Sani, maganar fistol ni Glock 17 zan ce. Ƙirar Ostiriya ce, harsashi 9mm, tana ɗaukar 17, ba ta da nauyi, kuma ba ta cika maƙalewa ba. Shi ya sa 'yan sandan ƙasashe da yawa ke riƙe ta. Libarba harsashi biyar ko shida ne ka sake lodi.

Baba Seidu, tsohon soja:
Razak, yaro na, abin da ka faɗa a kan Glock gaskiya ne, amma ba amsar tambayarsa ba ce. Mutumin da bai taɓa harba ƙaramar bindiga ba, in ka fara ba shi 9mm, ƙarar da naushin da take yi a hannu za su koya masa runtse ido da fizgar kunama, kuma wannan ɗabi'a in ta kama mutum tana da wuyar fita. Ai ko a gasar duniya, ta mita 10 da bindigar iska ake yi mai ƙwaya 4.5mm, ta mita 25 kuma akasari da ƙaramin harsashi na .22. Da su ake koyon numfashi, tsayuwa da jan kunama a hankali. In ma dole sai an zaɓa tsakanin biyun da aka ambata, ni libarba nake ba sabon hannu. Ka buɗe ta ka ga ramukan harsashin da idonka. Mai gidan harsashi irin Glock kuwa, mutum zai zare gidan ya ɗauka ta zama fanko, alhali ɗaya na kwance a ciki. Haɗarin da ake cewa "tana gogewa ce ta tashi" sau da yawa daga nan yake.

Sani, fistol ba ta farauta. Bakinta gajere ne, saitinta na kusa ne, za ka raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale. Bindigar Babanka da harsashin farauta mai ƙwayoyi, na BB ko AA, ta fi ta nesa ba kusa ba a wannan aiki. Kuma hanyar samun izininta ba irin ta bindigar farauta ba ce: sai an rubuta wa Ministan Cikin Gida a Accra, a yi bincike a kanka, a gamsu da dalilinka, kuma ana iya hana ka. Kada ka sayi komai kafin izini ya fito, in ya fito kuma sai wajen dillali mai lasisi. Duk wanda ya kira ka lungu ya ce yana da mai araha, ko ƙirar maƙera ce ko ta waje, ka juya ka tafi. Ba ka san aikin da aka yi da ita ba kafin ta zo hannunka.

Koyo kuma a filin harbi mai izini, da malami tsaye a kanka, da abin toshe kunne da tabarau. Ba bayan gari da kwalabe ba. Kowace bindiga ka ɗauke ta da lodi take, bakinta kada ya kalli abin da ba ka nufa ba, yatsa a wajen kunama sai ka shirya, kuma ka san abin da ke bayan abin da kake hara.

Hajiya Rabi, Akwatia Line:
Ku yi mini haƙuri in sa baki cikin maganar maza. Duk kun yi maganar takarda da daji, ba wanda ya tambayi inda bindigar take kwana. Gidajenmu na zango gidan haya ne mai ɗakuna goma, yara na shiga ɗakin kowa. Sani, ƙarƙashin gado ko saman wardrob ba ma'aji ba ne, yaro ɗan shekara bakwai ya san duk abin da ke wurin. Ka sa kafinta ko mai walda ya yi maka akwati mai kwaɗo, harsashi a wani wurin daban da nasa makullin, makullan a jikinka. Matarka ta san da ita, amma abokai ba sai sun sani ba, don ɓarayi bindiga suke nema fiye da talabijin. Kuma don Allah ranar biki ko ranar Sallah kada wani ya ce a fito da ita a harba sama.

Sani, Aboabo:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Litinin in sha Allahu zan je wajen 'yan sanda da takardu kawai, akwatin kuma yau zan yi wa mai walda magana. Maganar fistol na jingine ta tukuna, zan nemi inda ake koyarwa da bindigar iska. Malam Issaka, saura tambaya ɗaya: ƙanena ne ke zama a gonar, in gyazbi ya dame shi zai iya ɗaukar bindigar bayan an juya ta sunana?

Malam Issaka maharbi, Sabon Zango:
A'a, ba a aron ta, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke. In aka same shi da ita ku biyu ne a ciki. Tunda shi ne a gonar kullum, ku zauna ku duba wanda ya fi buƙatarta tsakaninku kafin Litinin, sai a juya ta da sunan wannan tun farko.